Filin Gwaggo: Maigidana ya kulle wayoyinmu a tukunya saboda guguwar rana

Don Allah ki ba ni shawara kafin in yi yaji. Wata uku ke nan maigidana ba shi da aiki sai kallon bidiyo a waya, wai rana za ta yi aman wuta ta ƙone duniya. Kwanaki aka turo masa saƙo a WhatsApp cewa hukumar NASA ta ce kowa ya kashe wayarsa daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:30 na dare, domin wani haske mai kisa zai ratso. Tun daga ranar, kullum bayan isha'i sai ya tattara wayoyinmu ya kashe, ya zuba su a babbar tukunyata ta dalma ya rufe da murfi. Makon jiya mahaifiyata ta kwana ba lafiya, ƙannena suka yi ta kira ba su same ni ba, sai da safe na ji tana asibiti. Da na yi magana ya ce ni jahila ce, ranar da abin ya faru zan gode masa. Yanzu har autana yana tsoron fita tsakar gida da hantsi. Gwaggo, abin nan gaskiya ne, ko maigidana ne ya samu matsala?
Uwargida mai tukunya, Zariya

'Yata, ajiye mayafin nan, ba inda za ki. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Ba zan ɓoye miki ba, da na karanto wurin tukunya na yi dariya har da ƙwalla, amma da na iso wurin Mama dariyar ta tsaya. Wasa ya wuce wasa.

Saƙon nan ƙarya ne. Ya yi shekaru yana yawo a wayoyi, ni kaina ya shigo tawa ya fi sau biyar, kullum yana cewa "yau da dare", kuma kullum gari ya waye lafiya. NASA ba ta taɓa cewa kowa ya kashe waya ba. Ki ma yi wa maigidan wannan tambayar cikin ladabi: da ƙarfe ɗayan dare, ina ranar take? Tana can bayan duniya tana haska wasu mutanen. Duk kaurin ƙasar nan ne a tsakaninku da ita. In walƙiyar rana za ta taɓa wani abu, ɓangaren da gari ya waye take taɓawa, ba ɗakin da ake minshari ba.

Amma kada ki tafi da murna ki ce masa Gwaggo ta ce shi ne jahilin. Ruwa ba ya tsami banza. Mijinki ya tsinto gaskiya ce, aka gauraya masa ita da ƙasa, ya haɗiye duka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, shi ne ya shaƙe shi.

Rana tana da hali, kamar kowa. Kusan duk shekara 11 takan tashi daga sanyin rai ta hau fushi, sannan ta sauko. In fushin ya zo, baƙaƙen tabo suna yawaita a fuskarta, wasunsu sun fi duniyarmu faɗi. A watan Oktoban 2024 masana a Amurka suka sanar cewa ta kai ƙololuwar fushinta na wannan zagaye, shi ya sa masu bidiyo suka samu kasuwa. Daga wuraren tabon nan abu biyu ke fitowa. Akwai walƙiya, wadda ke cinye kilomita miliyan 150 da ke tsakaninmu cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi. Akwai kuma gajimaren ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki da takan tofar, shi wannan yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya, kuma sau da yawa ma ba ta wajenmu ya nufo ba.

In ya same mu, yana ɓarna, ba na musu. A farkon Satumban 1859 wani Bature ɗan Ingila, Richard Carrington, yana zanen tabon rana sai ya ga wani farin haske ya tashi a kanta. Ba a yi kwana guda cikakke ba guguwar ta iso. Wayoyin tangaraho suka riƙa tartsatsi, wuta ta ja wasu ma'aikata, takardu suka kama da wuta a wasu ofisoshin, aka ga sama ta yi ja da dare har a Kyuba. A ranar 13 ga Maris 1989 wata ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada cikin abin da bai kai minti biyu ba, mutum miliyan shida suka yi awa tara a duhu. Na san abin da za ki ce, 'yata: awa tara kawai? Mu nan ko wainar fulawa ba za mu fasa soyawa ba. To su can da sanyin ƙanƙara, ba abin dariya ba ne. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49, guguwar da ba ta ma kai ta kawo ba ta kumbura iskar can sama, iskar ta riƙe su kamar mai gudu a cikin ruwa, 38 suka faɗo suka ƙone. A watan Mayun 2024 kuma aka yi mafi ƙarfi cikin shekara 20, manoma a Amurka suka ajiye motocin shuka a tsakiyar gona saboda na'urar GPS da ke saita musu layi ta rikice.

Yanzu ki sake duba waɗannan da kyau. Me ya lalace? Dogayen wayoyin lantarki masu ɗaruruwan kilomita, taurarin ɗan'adam da ke can sama ba rumfa, da saƙonnin da ke ratsa sararin sama. Ba wanda ya ƙone a gadonsa. Ba wayar hannu da ta fashe a ƙarƙashin matashi. Guguwar tana son abu mai tsawo da za ta bi, wayarki kuwa ba ta kai tafin hannu ba. Ko da mafi munin guguwa ta zo, abin da zai samu wayarki shi ne rashin sabis ko rashin wutar caji, kuma tukunya ba ta maganin ko ɗaya.

Kin tuna min da marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa. Yana da wata rediyo mai rigar fata, ba ya rabuwa da ita, kullum da rana yana kishingiɗe a zaure yana kamo tashoshin ƙetare a gajeren zango. Wata rana ana tsakiyar labarai sai murya ta ɗauke ɗif, sai shuuu. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya ciro batiran ya lasa, ya mayar, ya ɗaka mata duka a ƙeya. Daga nan ya leƙo cikin gida yana tambayar wane ɗan banzan ne ya taɓa masa rediyo. Yara suka watse. Bayan kamar rabin awa murya ta dawo da kanta, ya gyara zama yana cewa ai dukan ne ya yi aiki. Sai bayan shekaru na fahimci cewa irin wannan ɗaukewar da rana tsaka aikin walƙiyar rana ce. Gajeren zango yana tafiya ne ta hanyar karo da wani rufi na iska a can sama ya dawo ƙasa, walƙiyar kuwa takan sa ƙasan rufin ya shanye muryar. Ga iyakar abin da ta taɓa yi wa gidana, sai kuma yaran da suka sha faɗa a banza.

Abin da ya sa muke kwana lafiya, Allah ya lulluɓe duniyar nan da bargo biyu. Na farko maganaɗisun da ke fitowa daga cikinta, wanda ke karkatar da yawancin ƙwayoyin nan. Na biyu iskar da ke kanmu, wadda nauyinta ya kai na ruwa mai zurfin mita goma. In kina son ganin gidan da ba bargo, ga duniyar Mars. Ta rasa maganaɗisunta tun da daɗewa. Kumbon MAVEN da ya isa can a 2014 ya auna ya ga iskar ƙwayoyin da rana ke hurowa tana yagar mata kimanin giram 100 na iskarta duk daƙiƙa, abin da bai cika gwangwanin madara na gero ba, in guguwa ta taso kuma abin ya ƙaru. Kaɗan ne, amma da ɗaya-ɗaya ake tsince rumbu. Wurin da dā koguna ke gudana yau busasshen fako ne. A ranar 20 ga Mayun 2024 motar Curiosity da ke yawo a can ta auna abin da guguwar rana ta sauke a kanta, aka ce da mutum ne a tsaye a wurin, kamar an ɗauki hoton ƙirjinsa a asibiti sau 30 ne a tashi ɗaya. Wannan damuwar masu shirin tura mutane can ce. In maigidanki yana da niyyar ƙaura zuwa Mars, to ya zo mu yi magana.

Kuma ba a bar garin ba mai gadi. Tun Disambar 1995 kumbon SOHO, na Turawa da Amurkawa, aka harba shi ya je ya tsaya a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan, ta wajen rana, ya zuba mata ido. A 1998 ya ɓace musu wata da watanni, suka yi ta fama har suka farfaɗo da shi. Da shi da 'yan uwansa ake ganin gajimaren tun yana tasowa, a samu kwana ɗaya ko biyu na shiri. In ya iso bakin ƙofa kuma, kumbunan da ke wurin su auna ƙarfinsa su aiko da labari minti 15 zuwa awa guda kafin ya taɓa mu. Akwai cibiya a garin Boulder na Amurka da ke fitar da hasashen yanayin rana kullum, kamar yadda ake hasashen damina, da ma'auni daga G1 zuwa G5. Masu wutar lantarki da masu jiragen sama da masu taurari su ake yi wa gargaɗin, su ne kuma ke da abin yi.

To ga abin da za ki yi. Kada ki ƙaryata shi a gaban yara. Namiji in aka kunyata shi a gaban 'ya'yansa, ko ya ga gaskiya sai ya riƙe ƙaryar da haƙori. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ki miƙa masa wannan shafin, ki fita ki ba shi wuri. Daga yau waya ɗaya ta kwana a kunne, wannan ba roƙo ba ne, kina da uwa mara lafiya. Tunda yana son gadi, ki ba shi gadin gaske: ya riƙa duba hasashen cibiyar nan da kansa maimakon bidiyon masu neman mabiya. Sannan ki lura da shi. Mutumin da ya yi wata uku ba barci yana jiran tashin duniya, sau da yawa ba rana ce ke cinsa ba. Ko kasuwa ce ta tsaya, ko bashi ne, ko wani abin da ya kasa faɗa. Ki tambaye shi a hankali. In ba ya ci, ba ya barci, yana firgita, ku ga likita, ba abin kunya ba ne. In kuma maganar ƙarshen duniya ce ke damunsa, ya je wurin malamin da ya yarda da shi, zai ji cewa ba a sanar da wannan a WhatsApp.

Kai kuma Malam, na san kana karantawa. Niyyarka mai kyau ce, kare iyali kake so. Amma matar da ta haifa maka 'ya'ya ba a ce mata jahila, balle a kan abin da kai ma ji ka yi. Ka sayi lemo da ayaba ka je ka duba surukarka, ka ba ta haƙuri da bakinka. Ka kama hannun autan nan ku fita tsakar gida tare. Abu ɗaya za ka hana shi, kallon ƙwayar rana da ido, domin wannan kam yana makanta mutum.

Ku kuma sauran, kada ku yi ta dariyar tukunyar mutane. Wa a cikinku bai taɓa tura saƙon "aika wa mutum goma" ba? Danna yatsa ɗaya kuka yi kuka juya kuka yi barci, wata baiwar Allah ta kwana ba ta san uwarta na asibiti ba. Masu cewa zafin Afrilu ma guguwar rana ce, ku huta. Tsakanin fushinta da sanyinta, hasken da take aiko mana bai sauya da fiye da kashi ɗaya cikin dubu ba. Zafin bazara tun kakanninmu yake.

Wasiƙa ta biyu:

Gwaggo, ni ɗaliba ce, ina shekarar ƙarshe a fannin fiziks. Binciken kammalawata a kan yadda rana ke rikita saƙon GPS ne, kuma malamina ya ce in na dage zan iya samun gurbin digiri na biyu. Wanda zan aura ya ce wannan karatun 'yan kallon sama ne, ba ya kawo ko sisi, in zaɓa ko shi ko karatun. Gwaggona ta ce in bi shi, miji wuya yake. Ina sonsa, amma in na tuna zan bar abin nan sai in ji kamar an zare min wani abu a ƙirji.
Mai kallon sama, Katsina

'Yar nan, kin ga wasiƙar da ke sama da taki? Da a gidan can akwai mai irin karatunki, da tukunya ba ta kwana da wayoyi ba. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa ba shi da amfani.

Ba ke aka fara yi wa dariya ba. A 1958 wani matashin malami a Jami'ar Chicago, Eugene Parker, ya rubuta cewa rana tana hura wata iska ba dare ba rana, wadda ke wuce duniyoyi duka. Masana biyu da aka ba su duba takardar suka ce a watsar. Editan mujallar, Chandrasekhar, ya bi lissafin bai ga kuskure ba, ya buga. A 1962 kumbon Mariner 2, a hanyarsa ta zuwa Zara matar wata, ya ci karo da iskar nan kamar yadda Parker ya faɗa. Ranar 12 ga Agustan 2018, yana tsoho ɗan shekara 91, aka kai shi Florida ya ga tashin kumbon da aka raɗa wa sunansa, shi ne mutum na farko da NASA ta yi wa haka yana raye. Ya rasu a 2022. Ranar 24 ga Disambar 2024 kumbon ya matsa har saura kilomita miliyan 6.1 ya taɓa fuskar rana, yana gudun kilomita dubu 692 a awa, wato Kano zuwa Legas kafin ki ƙirga biyar. Garkuwar da ke gabansa kaurinta bai kai santimita 12 ba, gabanta zafi kamar maƙera, na'urorin da ke laɓe a bayanta kuwa suna cikin ɗumi irin na ɗaki. Kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, injiniyoyi suna zaune kamar masu jiran naƙuda, sannan ya aiko da alamar yana nan lafiya.

Tunda ke 'yar Katsina ce, tambayi manyanki husufin 29 ga Maris 2006, ranar da gari ya yi duhu da hantsi a Katsina da Gusau da Maraɗi, kaji suka nufi akurki. Farin rawanin da ya bayyana kewaye da baƙin wata a ranar, cikinsa kumbon nan yake kutsawa. Fuskar rana zafinta kimanin digiri 5,500 ne, rawanin da ke nesa da ita kuwa ya haura digiri miliyan ɗaya. Kamar a ce hayaƙi ya fi garwashi zafi. Har yau ana kan warware wannan, kuma ba a ce sai ɗan wata ƙasa ne zai warware ba.

In ya ce ai waɗannan maza ne, kuma Turawa, ki ba shi labarin Nigar Shaji, mutuniyar jihar Tamil Nadu ta Indiya, wadda ta shiga hukumar sararin samaniyar ƙasarta a 1987. Ita ce ta jagoranci aikin kumbon Aditya-L1 da aka harba ranar 2 ga Satumban 2023, ya isa mazauninsa a Janairun 2024, can unguwar su SOHO. In ya ce can Indiya ne, ki ce masa layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta Najeriya ya ratsa, shi ya sa bayan faɗuwar rana samanmu ke yawan hargitsa saƙon GPS fiye da na Turai. Matsalar a kanmu take, ke kin fi ni sani. Akwai cibiyar binciken sararin sama a Anyigba ta jihar Kogi, Afirka ta Kudu kuma ta buɗe tata mai gadin rana dare da rana a garin Hermanus a 2022. Jiragen da ke kai alhazanmu da wannan saƙon suke gane hanya.

Amma fa ba zan ce ki kore shi yau ba, kada ki ce Gwaggo ta kashe miki aure. Wataƙila tsoro yake ji, kada ki yi nisa ki raina shi. Samari da yawa haka suke, bakinsu na cika baki, cikinsu na kaɗawa. Ki zaunar da shi ki nuna masa aikinki, ki gaya masa shekara nawa ne, a ina ne, wa zai biya. Ki saurari abin da zai ce har ƙarshe, ban da murguɗa baki. In kun daidaita, kada ki yarda da "ai ba komai, in an yi aure ma yi magana". Na ga mata da yawa da wannan kalmar ta cinye musu takardu, yanzu suna cikin akwati tare da zannuwan lefe. Maganar ta je gaban Baba da waliyyan saurayin, a faɗe ta a fili da shaidu, kafin a sa rana. Takwarata da ta ce miji wuya yake ba ta yi ƙarya ba, ki gaishe ta, amma ki tambaye ta ko ta taɓa ganin an sayo shekarun da suka wuce a kasuwa.

In ya ji duk wannan ya ce shi dai sai kin zaɓa, to ya riga ya gaya miki yadda zaman zai kasance, kuma ba a kan karatu kaɗai ba. Ki yi istihara, ki yi shawara da mahaifiyarki. Ki ƙarasa binciken nan da kyau ko me ake ciki, kada ki bari rigimar ta ci miki sakamako. Ki rubuto min bayan kun zauna, ina son jin abin da ya ce.